Muryar Mama a Minti na Sha Ɗaya

Ranar Litinin ce, ranar da gidan burodinsu na Furtado ba ya buɗewa, Odete ta rungumo tsohuwar kwamfutar mahaifiyarta ta tura ƙofar wani ɗan shagon gyara da ke gangaren unguwarsu a Fall River. Saurayin da ke bayan kanta ya ɗago kai, da sukudireba a bakinsa. Yana haɗa ido da ita sukudireban ya faɗi.

"Sannu da zuwa," ya ce yana lalube a ƙasa. "Sunana Tiago. Waye ba lafiya, ke ko ita?"

"Ita ce. Sai ta yi minti bakwai kafin ta farka, kuma tana wani ƙas-ƙas daga ciki. An ce in sayi wani abu wai SSD, ni kuwa ban san ko ci ake yi ba."

Ya kara kunnensa a jikin kwamfutar, murmushinsa ya ragu. "Me ke cikinta da ba ki son rasawa?"

Ba wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar. Sai ta tsinci kanta tana ba baƙo labarin Mama Celeste, wadda ta rasu shekara uku da suka wuce ba ta bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Abin da ya rage shi ne muryarta, da Odete ta naɗa a kicin wata rana tana bayanin yadda ake burodin zaƙi na Ista. Duk safiyar Lahadi Baba Abilio kan kunna muryar yana murza kullu, duk da ya haddace ta tsaf. Kullum kuma a minti na sha ɗaya take sarƙewa, sai ya rufe kwamfutar ya share ido da bayan hannu ya ce gari ne ya shiga.

Tiago ya jona wata igiya a kwamfutar, ya yi wani dogon bayani, ya turo mata takarda. Odete dai ta sa hannu. Gaskiyar magana ko kalma ɗaya ba ta ji ba, domin hankalinta na kan wani ɗan lotsawa da kumatunsa ke yi idan yana magana.

Awa uku suka yi a shagon. Ya nuna mata cikin tsohon rumbun ajiya, faifai mai juyawa da allura a kansa irin na garmaho. Ya ɗora mata sabon a tafin hannu, ba nauyi, ba abin da ke motsi a ciki.

Ta nuna wani rumbun a kan kanta. "Wancan siririn fa mai kama da cingam? An ce ya fi gudu."

"Ya fi, amma tsohuwarki ba ta da gurbinsa. Wannan mai faɗin shi ne daidai da ita. Kar ki sayi wanda ya fi kowa, ki sayi wanda zai zauna da ita lafiya."

"Haka kake ba 'yan mata shawara a kan komai?"

"Yau na fara," ya ce, kunnuwansa suka yi ja.

Ta tafi da rumbun a kwalinsa, da alkawarin za ta dawo ya saka mata idan Baba ya yarda. Ko gida ba ta kai ba saƙo ya shigo: "Mai burodi, kin bar min ƙamshin kirfa a shago. Kwastomomi sai tambaya suke me nake sayarwa."

Ta amsa: "Likita, ka ce musu ya ƙare."

Baba bai yarda ba. Ya ce ba wani yaro mai laushin hannu da zai buɗe cikin kwamfutar matarsa. Kwalin ya hau saman firij ya zauna wata biyu, soyayya kuwa ba ta zauna ba. Duk Litinin sukan taka zuwa bakin ruwa, ta zo da soyayyen fanke mai sukari a takarda, su yi ta kallon gada suna zaɓen launin labulen gidan da ba su da shi. Idan ta koma bakin tanda sai ta riƙa ganin fuskarsa a tururi, har sau biyu ta ƙona tire guda.

"Yaron wayoyin nan ne ko?" Baba ya ce yana kankare tiren. "Mutumin da bai taɓa tashin asuba don ciyar da kowa ba. Ga Duarte ɗan aminina, injiniya guda a Boston, kina yi masa kallon hadarin kaka."

Duarte kuwa ba mugu ba ne, sai dai bai taɓa cewa bai san abu ba. Wata Lahadi bayan coci ya zo cin abincin rana, ya hango kwalin.

"Wannan ne ake ta jinyarsa? Kawu, aikin minti goma ne. Kwafe tsohon ake yi a kan sabon, shi ke nan."

Odete ta ce a bari Tiago ya zo. Baba ya ce ɗan gida ya fi. Duarte ya jona, hannu ɗaya a kwamfuta ɗaya riƙe da cinyar kaza. Allon ya tambaye shi wanne za a kwafa, wanne za a rubuta a kai, ya sake tambaya ko ya tabbata, shi kuwa yana ba da labarin sabuwar motarsa ya danna. Sai ya juya su. Ya kwafe sabon da babu komai a cikinsa, ya shimfiɗa a kan tsohon.

Da aka kunna, babu Mama.

Nan take Duarte ya ce, "Jabu ne yaron nan ya sayar muku. Shi ya cinye komai."

Baba bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya tashi ya shiga kicin ya tsaya gaban kwanon kullu, hannuwansa a sake. Odete ta ji kamar yau aka yi rasuwar. Tana kuka ta rubuta: "Kayanka sun cinye muryar mahaifiyata. Kar ka sake nemana." Ta toshe lambarsa.

Safiyar Talata shago ya cika. Odete na naɗe burodi da kumburarrun idanu sai ta hango shi a bakin ƙofa. Bai kutso ba. Ya yagi 'yar takardar lamba kamar kowa, ya bi layi a bayan tsofaffin mata. Baba ya gan shi ya murtuke fuska, amma shekara talatin bai taɓa tsallake lambar kowa ba.

"Arba'in da biyu," ya kira da ƙyar.

Tiago ya ajiye wani ɗan baƙin akwati a kan kanta, an manna masa takarda: Mama Celeste.

"Baba, a shagona ba na taɓa kwamfutar da ke ƙas-ƙas sai na fara kwashe abin da ke cikinta na adana. Ranar farko na kwashe, Odete ta sa hannu." Ya dube ta. "Na yi miki bayani har sau biyu."

"Ban ji ba," ta ce a hankali.

"Me kike saurare to?"

Wata tsohuwa a layi ta ce, "Ai ba sai an tambaya ba, ɗana." Shago ya ɗauki dariya, Odete ta rufe fuska da atamfar aiki.

A kan teburin kullu ya yi aikin, Baba na tsaye a kansa. Ya nuna masa da yatsa wanne ne wanne, ya jira ya gyaɗa kai kafin ya danna. Da ya gama, kwamfutar ta farka kafin Baba ya gama goge hannu, sai ga muryar Mama ta cika kicin: kofi uku na sukari, da kofin nan mai karyayyen hannu, ba wani ba.

A minti na sha ɗaya Baba ya miƙa hannu zai rufe kamar yadda ya saba. Tiago ya ce, "Dakata, Baba. Wurin ya lalace ne a tsohon faifan. Shi ya sa na riƙe ta awa uku, sai da na yi ta lallaɓa shi."

Muryar ta wuce. Aka ji dariyar Mama, da ƙarar cokali.

"Sai ki rufe kullun da bargon babanki ki ƙyale shi. Shi ba ya iya jira, kullum sai ya ɗaga ya leƙa. Abilio, na san kana jina daga can. Yarinyar nan ma haka za ka yi mata ran da ta kawo wani, ka rufa ka ƙyale. Ni ma babana bai so ka ba, ka manta?"

Baba ya zauna a kan buhun fulawa. Wannan karon bai ce gari ne ya shiga ba. Ya daɗe yana kuka, Odete na riƙe da kafaɗarsa. Da ya ɗago sai ya dubi hannuwan Tiago.

"Ka iya murza kullu?"

"A'a, Baba."

"Ranar Lahadi ka zo. Ka cire agogon nan."

Da yamma ta buɗe lambarsa ta rubuta: "Likitana, ka yafe min." Amsa ta zo nan take: "Mai burodina, tun ina kan layi na yafe. Amma ranar ɗaurin aure ki saurari Fadan coci da kyau kafin ki sa hannu."

Bayan Ista aka ɗaura auren a cocin unguwa. Duarte ya zo da kyauta, ya kuma faɗi gaskiyar abin da ya faru da bakinsa, aka yafe masa. Burodin zaƙin da aka raba ango ne ya murza shi, ya ɗan karkace gefe guda. Baba Abilio ya ɗora hannu ɗaya a kan Odete, ɗaya a kan Tiago, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa su tsufa tare. Jama'a suka amsa da amin.

Sannan ya juya ga kwamfutar da ya ajiye a kujerar kusa da tasa, ya ce, "Celeste, kin gani dai. Ban leƙa ba."