Wanda Ya Goge Allon Mushe Attahiru

Ranar Juma'a bayan la'asar aka kira komisariyar Tawa, wato ofishin 'yan sanda, aka ce an tsinci gawar Mushe Attahiru a ɗakin da yake koyar da yara. Sufeto Abdurazak yana tsakiyar shan shayi, ya ajiye kofin ya hau babur.

Ya san mamacin, kamar yadda duk mai ɗa a kwaleji ya san shi. Attahiru malamin lissafi ne, ɗan Afala, gajere, mai yawan dariya, ana ce masa Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin boko. Ba ya aikin gwamnati. Sana'arsa kur, wato karatun ƙari na kuɗi da ake yi wa yara bayan an tashi daga makaranta. Shekarun baya wuraren kur a Tawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yanzu kuwa duk wanda ya samu gareji da benci sai ya shafa wa katako baƙin fenti ya rataya, wai shi ma ya buɗe. Da jarrabawar BEPC ta gama kwaleji ta matso sai farashi ya hau, iyaye na kuka suna biya. Shi kansa Sufeto yana biya wa 'ya'yansa biyu, kuma duk ƙarshen wata sai ya yi tsaki.

Gawar na kwance a gaban ɗakin, ƙeyarta ta bugi ƙarfen bencin farko. Waya na cikin aljihu, ba a taɓa komai ba. Sufeto ya dubi ƙasa, ya dubi taga, sannan ya tsaya a gaban allo. An goge shi tas, baƙi ƙirin, ba abin da ya rage sai kwanan wata a can sama.

Kafin ya gama dubawa samarin unguwa har sun kamo mai laifinsu, suna jan sa da riga. Ciɗo ne, mai amalanken jaki, wanda 'yarsa ke karatu a wurin. Da safe kowa ya ji shi yana ɗaga murya a ƙofar ɗakin. Da ƙyar Sufeto ya ƙwace shi ya sa aka kai shi komisariya, don a can aƙalla ba mai jifansa.

Ciɗo bai musa faɗan ba. Ya ce ya ji a kasuwa za a ƙara kuɗin kur, shi ne ya zo da zafinsa, amma Mushe ya yi dariya ya ce masa ƙarya ce, suka rabu lafiya.

"Lokacin sallar Juma'a kana ina?"

"Masallaci, shef."

"Wa ya tsaya kusa da kai a sahu?"

Ciɗo ya ambaci wani maƙwabcinsa. Aka tambayi maƙwabcin, ya ce shi bai gan shi ba. Da aka dawo masa da maganar sai ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya bai yi Juma'a ba. Ya ɗauki buhunan albasa ne ya bi hanyar Barmu a lokacin da kowa ke masallaci, don ya haɗa kuɗin karatun yarinyar, kuma kunyar faɗa yake ji. Ba wanda ya gan shi a hanya sai jakinsa.

Komisar, shugaban ofishin, bai ga abin tsayawa ba. Mutum ya yi faɗa da mamaci, ya yi ƙarya, ba shi da shaida, me kuma ake nema? Ya ce ranar Litinin za a miƙa Ciɗo ga mai gabatar da ƙara, daga nan sai gidan kaso. Sufeto ya san abin da hakan ke nufi ga talaka marar lauya: sai ya tsufa a ciki kafin a tuna da shi. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya roƙi a ba shi zuwa Litinin ɗin, komisar ya ce ya je ya ɓata man baburinsa.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne allon nan. Me zai sa mai amalanke, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya kashe mutum sannan ya tsaya goge allo?

Da safiyar Asabar ya je gidan makoki. Raƙiya, matar mamacin, ta yi masa magana daga bayan labule. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya tambaye ta ko mijinta kan goge allo idan ya gama aiki. Ta ce kowace rana yana gogewa, ban da Juma'a. Ranar Juma'a cika allon yake yi da darasi ya bar shi, saboda da safiyar Asabar yaran ƙauye na zuwa daga Afala da Takanamat su kwafa kyauta, tunda iyayensu ba su da abin biya. Har ɓoye soson yake yi don kada wani yaro mai rawar kai ya goge.

"Ina yake ɓoye shi, Hajiya?"

"Bayan ƙofa, can bisa katanga, akwai rami. Cikin gwangwanin madara shike. Ni da shi ɗai munka san wurin."

Sufeto ya koma ɗakin shi kaɗai. Ya tura ƙofa, ya miƙa hannu sama, ga gwangwani. Soson na ciki, an matse shi an mayar, da sauran danshi. Ya mayar da shi yadda ya same shi, bai faɗa wa kowa ba, har komisar.

A kan babur ya riƙa jujjuya abin. An goge allo da jiƙaƙƙen soso, daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi. An bar kwanan wata, domin malami ba ya goge kwanan wata sai ranar ta ƙare. An matse soso an mayar wurinsa. Wannan hannun malami ne, malamin da ya daɗe yana aikin.

Wayar mamacin ta nuna kira da yawa daga Madam Sharifa, mai babban wurin kur a tsakiyar gari, mai fanka da gilashi da allon talla. Da Sufeto ya je wurinta ta karɓe shi da ruwan sanyi, ta ce ita Attahiru ko gaisuwa ba ta haɗa su. Sufeto ya ajiye wayar a kan teburinta ya danna lambar, tata wayar ta kama ƙara a cikin jaka. Madam ta gyara mayafi.

Ta ce to, ta kira shi, ɗaukarsa aiki take so ta yi, ya ƙi. Ranar Juma'a kuwa tana gidan suna, mata cike da gida sun gan ta. Da bakinta ya buɗe sai ta zayyana masa kasuwar kaf. Wurare sun yi yawa, kowa na farautar ɗalibai. A farkon shekara masu kur suka zauna suka yi yarjejeniya kada kowa ya karɓi ƙasa da jikka biyar, wato sefa dubu biyar, a wata, malami mai zuwa gidan ɗalibi kuwa jikka goma. Attahiru ya ƙi. Shi jikka biyu yake karɓa, ga na ƙauye kyauta, kuma ya iya koyarwa, wannan ba ta musu. Yara suka yi ta kwarara wurinsa.

"Wa ya fi jin zafin abin?"

Ta ce Mushe Muktari, shugaban ƙungiyarsu, wanda ke koyar da lissafi a wata kwaleji da safe, da yamma ya yi kur a gidansa. A taron ƙarshe shi ne ya ce a bar masa Attahiru, zai fahimtar da shi.

Sufeto ya san irin su. Da safe a aji su koyar da rabin darasi, su ce wanda ke son sauran ya zo da yamma. Da a ce fushi na kama mutum, da a ranar ya ɗaure shi. Amma goge allo irin na malamai ba hujja ba ce, malaman Tawa sun fi a ƙirga.

Ranar Lahadi da hantsi ya je gidan Muktari da fara'arsa. Mutum ne dogo, mai furfura, da tabarau, shekara da shekaru yana riƙe da alli. Ya yi addu'a ga mamaci, ya ce abin baƙin ciki ne, talakan nan mai jaki bai kyauta ba. Sufeto ya tambaye shi ko ya je ya fahimtar da Attahiru kamar yadda ya yi alkawari.

"Ban samu lokaci ba. Ni ƙafata ba ta taɓa taka garejin nan ba."

"Ko sau ɗaya, Mushe?"

"Ko sau ɗaya. Mi zan yi a can?"

Sufeto ya ce to, taimako yake nema. Zai rubuta rahoto kan rikicin farashin nan, shi kuwa tun yana yaro lissafi ke ba shi kashi. Ya roƙe shi ya raka shi ɗakin ya duba girman wurin, ya faɗa masa abin da wuri irin wannan ke samu. Muktari ya so ya zame, amma ƙin zuwa zai fi zama abin zargi. Suka tafi, wani ɗan sanda na biye da su.

A ɗakin Sufeto ya zauna a benci kamar ɗalibi, ya ce shi fa bai ga laifin jikka biyu ba, ai mai araha ya fi samun ciniki. Muktari ya yi bayani da baki. Sufeto ya ce bai gane ba. Ya sake, Sufeto ya sosa kai ya ba da amsar da ko ɗan aji ɗaya ba zai bayar ba. Nan fa malanta ta motsa. Muktari ya ɗauki alli ya nufi allo.

Kai, ya koyar. Ya rubuta kuɗin haya, da na wuta, da na benci. Ya nuna yadda ɗalibai ke ƙaruwa kowace shekara amma wurare sun fi su saurin ƙaruwa. Ya nuna cewa idan mutum ɗaya ya karya farashi sai kowa ya bi shi ko ya rufe. Muryarsa ta hau, alli na karyewa yana ɗaukar wani, har ya cika allon. Sufeto ya yi godiya ya miƙe, ya ce yanzu ya gane, su tafi.

Muktari ya kai bakin ƙofa, ya waiwaya ya ga allo cike da rubutunsa. Bai yi tunani ba. Ya ja ƙofar, ya miƙa hannu sama, ya zaro gwangwanin. Ya zuba wa soso ruwa daga butar da ke wurin, ya goge daga sama zuwa ƙasa, ya bar kwanan watan Juma'a, ya matse soso. Yana miƙa hannu zai mayar da gwangwanin ya tsaya cak, hannun na sama.

"Mushe," in ji Sufeto a hankali, "wa ya nuna maka wurin soso a ɗakin da ba ka taɓa shiga ba?"

Gwangwanin ya faɗi. Muktari ya zauna a bencin baya ya cire tabarau. Da ya fara magana, ƙasa yake kallo.

Ya ce ya zo ne ana shirin tafiya masallaci, don su yi magana ba idon kowa. Attahiru da kansa ya ɗauko soso ya goge masa gefe guda, ya ce ya rubuta ya gani. Ya rubuta masa wannan lissafin duka. Attahiru ya duba ya ce lissafi daidai ne, sai dai an manta da aljihun iyaye. Sannan ya yi dariya ya ce idan Mushe na son ɗalibansa su daina zuwa nan, ya riƙa gama musu darasi da safe.

"Yaron da na girme wa ubanshi! Ɗalibaina na aji suna zuwa da amsa kafin in koya musu, suna kallona suna murmushi. Na ture shi ne kawai, shef. Wallahi turewa ɗaya."

"Da ya faɗi ka kira likita?"

"A'a."

"Amma ka tsaya ka goge allo."

"Rubutuna ne a kai."

"Ka kuma bar mai jaki ya kwana a kulle a madadinka."

Ɗan sandan ya sa masa ankwa. Da aka fito da shi, wasu ɗalibansa da ke wucewa da littattafai suka gaishe shi da ladabi kamar kullum, sai da suka ga hannayensa suka yi tsit. Aka sa shi a mota.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Ciɗo ƙofa da la'asar. Mutumin ya fito yana kare ido daga rana, ya yi godiya har sai da aka ce ya isa. Ya tambayi jakinsa, aka ce yana gidan maƙwabci, an ba shi ruwa. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo.

"Shef, jarrabawa ta matso. Yanzu ina zan kai yarinyar?"

Sufeto ya so ya yi masa ƙarya, bai iya ba. Ya faɗa masa mafi arahar da ta rage a garin jikka biyar ce, kuma ya ji ana cewa wata mai zuwa za a ƙara.

Ciɗo ya jinjina kai. Ya ce to, bari ya je ya ɗaura wa jaki amalanke, da sauran rana.