Kafaɗar Auta

"Ba zan mayar da ita rukunin manya ba, Abba. Ba bana ba..."

Haka Koci ya faɗa, yana tsugune a falonmu, kansa a ƙasa. Ni kuwa ina bayan labule da tiren ruwa a hannu. Mutumin da ke neman aurena ne yake ce wa mahaifina a'a, cikin irin ladabin nan da ya fi gardama ciwo.

A kan Auta ake maganar, ƙanwata, 'yar shekara goma sha ɗaya. Umma ce ta fara kai ta kulob ɗin iyo na yara, da Allah Ya yi mata rasuwa sai ni na gaji rakiyar. A can na haɗu da Koci, mai horar da su. Dogo ne, usur a wuya, magana kamar da kuɗi yake sayenta. Sai da ya shekara yana ce mini "sannu da kawo ta" kafin ya samu ƙarfin halin tambayar sunana.

Auta ta fi tsararrakinta gudu a ruwa nesa ba kusa ba. Shi ya sa Abba yake so a haɗa ta da manya, ta riƙa atisaye safe da yamma a salon da ta fi iyawa, wanda ake wurgo hannu biyu gaba lokaci guda, don ta shiga babbar gasar ƙarshen shekara.

Koci kuwa yana da tsarinsa da ba ya sauyawa. Yaro sai ya koyi kowane salo, sai ya yi wasan ƙwallo a ruwa, kuma sai an fitar da shi tun yana roƙon a ƙara masa zagaye ɗaya. Ya yi wa Abba bayani cewa yanzu ne ƙashin Auta ke miƙewa, kafaɗarta ba ta yi ƙwari ba, kuma wanda ake so ya yi iyo yana ɗan ashirin ba a ƙarar da shi tun yana sha ɗaya.

"Shekara nawa kake so in jira?" in ji Abba.

"Shida ko bakwai, Abba."

Abba ya cire tabarau, ya goge shi da bakin riga.

"Likita bai ba idanuna ko shekara biyu ba."

Ni na sani, Koci ne bai sani ba. Ciwon ido ne ke cin ganin Abba daga gefe, kullum yana matsowa tsakiya.

"So nake in ga 'yata an rataya mata lambar yabo da idona, ba a ba ni labari ba. Wanda ya kasa yi mini wannan, ban ga yadda zan ɗauki 'ya in ba shi ba."

Washegari na sami Koci a bakin ruwa yana naɗe igiyoyin da ke raba layi. Na roƙe shi, na yi kuka, har na ce masa shekara ɗaya tak ba za ta kashe kowa ba.

"Idan kana sona ka yi masa..."

"Ina son ki, hasken raina. Ke ma kin sani."

"To me ya hana?"

"Idan na biya aurenki da kafaɗar Auta, da wace fuska zan riƙa kallonki a gidana?"

Na juya na tafi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san gaskiya ya faɗa, kuma a ranar ba gaskiya nake nema ba, mijina nake nema da farin cikin mahaifina.

Abba bai ɓata lokaci ba, ya mayar da Auta wani kulob a can ƙarshen gari, inda suka karɓe ta hannu bibbiyu. Atisaye da sassafe kafin makaranta, atisaye da yamma bayan an tashi. Suka ɗaura mata wasu faya-fayan roba a tafin hannu don ta riƙa jan ruwa da ƙarfi. Gudunta kuwa ya ƙaru, ba ƙarya. Abba ya sayi agogon auna gudu, yana kanga shi dab da hancinsa yana murmushi. Rabon da in ga wannan murmushin tun Umma na da rai.

Ni kuma na daina ɗaga wayar Koci. Shi ma da ya gane sai ya daina kira, kewarsa ta zauna mini a ƙirji kamar na haɗiyi dutse.

Abu na farko da na lura, Auta ta daina waƙa a banɗaki. Yarinyar da sai an buga mata ƙofa kafin ta yi shiru. Na ce gajiya ce.

Ranar wata Litinin ta ce in taya ta sa rigar makaranta, wai ta makara. Na riƙe rigar na ce ta ɗaga hannu. Na hagu ya tashi. Na dama ya zo daidai kafaɗa ya tsaya, ta cije leɓe, hawaye suka cika mata ido.

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Auta, tun yaushe?"

"Yaya, don Allah kar ki faɗa wa Abba... sai an gama gasar. Saura kaɗan fa ya daina gani."

Na zauna a bakin gado. Ashe duk abin da muke ɓoye mata ta sani, ita kaɗai take ɗauke da shi a kafaɗa ɗaya.

Ban san da wane baki zan gaya wa Abba ba, don haka ban gaya masa da baki ba. Na jawo ta har inda yake zaune, na kama hannunsa na ɗora a kafaɗarta ta hagu, sannan na mayar da shi ta dama. Wurin ya kumbura, ga zafi rau. Ya ɗan latsa, Auta ta yi ƙara.

Ya jawo ta jikinsa ya rungume, yana ta faɗin "Yafe mini, Autana... yafe wa Abbanki."

Likita ya ce Allah Ya taimaka an zo da wuri. Kafaɗar za ta warke, amma sai Auta ta yi watanni ba ta shiga ruwa ba, gasar bana kuma a manta da ita. Agogon nan kuwa Abba ya jefa shi cikin durowa.

Wata yamma ya ce in raka shi tsohon kulob. A lokacin sai da na riƙe masa hannu a kan matakala. Muka tarar yara na ta ihu suna wasan ƙwallo a ruwa. Koci na hango mu ya taho da sauri har yana neman zamewa, ya durƙusa a jiƙaƙƙen siminti.

Abba ya laluba ya dafa kansa.

"Tashi, ɗana. Na kawo maka su duka biyun. Babbar ka yi sauri da maganarta, tun ina iya ganin fuskarta. Ƙaramar kuma... ka bi da ita yadda ka ce."

Koci ya ɗago ya dube ni, idonsa jajir. Ni dariya da kuka suka haɗe mini.

Abba ya ga aurenmu, dishi-dishi, amma ya gani. Zuwa lokacin da aka sallami Auta ta koma ruwa, hasken ya riga ya tafi masa gaba ɗaya.

Yanzu kullum da yamma yana zaune a benci kusa da layin yara, tawul a cinyarsa. Cikin duk hayaniyar nan yana gane bugun hannunta. Sai ya karkata kai ya ce mini, "Ga tawa nan ta juyo."

Jiya Auta ta kama bakin kwamin iyon tana haki, tana yi wa mijina magiya.

"Zagaye ɗaya kawai, Koci, ɗaya..."

Kafin ya kai usur baki Abba ya riga shi.

"Fito haka, Auta. Ya isa na yau."

Ya miƙe ya ware tawul ɗin, sai dai ba saitinta ya ware ba, ya ɗan kauce gefe. Auta ta fito ruwa na ɗiga a jikinta. Ta matsa a hankali zuwa inda tawul ɗin yake, ta shige tsakanin hannuwansa.