Gilashin da Ya Faɗi Gwaji

"A buga mini shi babba," in ji mai turare, tana miƙo wayarta. "Yadda zai cika bango."

Auta ta karɓi wayar ba tare da ta ɗago ba. Shekararta huɗu a shagon buga hotuna, ta ga fuskoki har ta daina ganinsu. Sai da hoton ya buɗe a kwamfuta hannunta ya tsaya cak.

Mai turare ce tsaye a jikin wani bangon jan bulo, ta karkatar da kai, rana ta kwanta mata a kunci. Auta ta san bangon nan. A tsallaken titi yake, daidai tagar shagon Mai Gilashi, mutumin da zobensa ke yatsanta.

"Wa ya ɗauke ki?"

"Au... bai gaya miki ba?" Mai turare ta jingina da kantar shagon, ƙamshinta ya cika wurin. "Kullum ƙarfe huɗu ai. Arba'in da uku ne, ƙanwata. Ki zaɓar mini wanda ya fi kyau, ke ce kika san aikin."

Arba'in da uku.

Auta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Kaya kala-kala, murmushi iri ɗaya, bango ɗaya. Ta ce mata ta dawo gobe da yamma, da wata murya da ita kanta ba ta gane ba.

Shi Mai Gilashi wani irin mutum ne. Sana'arsa tsofaffin idanun kyamara, wato gilasan gabanta, waɗanda aka ƙera tun iyayenmu suna yara. Yakan tsince su a kasuwar tsofaffin kaya, ya kwance, ya goge, sannan ya fafe musu mariƙi na tagulla a ɗan injinsa don su hau kan kyamarar zamani. Yana cewa kowane gilashi da halinsa. Akwai wanda ya tsufa ya yi rawaya kamar shayi, akwai mai wani abu da ya tsiro a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo. Daga ragowar tagullar nan ya fafe wa Auta zobe, ranar da ya ce yana sonta, yana kallon ƙasa.

Wata goma sha ɗaya ke nan. Kuma a cikinsu bai taɓa ɗaukar ta hoto ba, ko guda. Duk sanda ta tambaya sai ya ce, "Bari tukuna, hasken idona." Ta ɗauka kunya ce.

A gida ta kasa cin abinci. Gwaggo ta tsare ta da ido har sai da ta faɗa. Yayanta kuwa, wanda tun farko bai so zancen ba, ya ajiye cokali ya ce dama ya gaya musu: mutumin da ke yini yana hira da kwalabe ba mijin aure ba ne. Ya ce in ta kasa cire zoben, shi zai je da kansa jibi ya sallami mutumin.

"Kwalabe ma da sauƙi," in ji Gwaggo. "Yanzu har da kwalabar turare."

Auta ta shige ɗaki. Ta murza zoben, ta murza, har ya fita. Ya bar mata koren zane a yatsa.

Da safe aiki ya zame mata dole. Ƙa'idar shagon ce, kafin a buga hoto babba sai an faɗaɗa shi a duba ko ya fito sosai, don abin da waya ke ɓoyewa takarda mai faɗi tona shi take yi. Auta ta jawo idon mai turare har ya cika kwamfutar. So take ta ga abin da Mai Gilashi ya gani a cikinsa, ko da zai ƙona ta.

Idon ya fito dishi-dishi. Gashin ido ya haɗe ya zama baƙin hayaƙi.

Ta yamutsa fuska. Mai Gilashi ba ya kuskuren saiti. Ta ja hoton gefe, ta wuce kunne, ta wuce kafaɗa, ta hau bangon. Nan ta ga wata tsohuwar ƙusa a tsakanin bulo biyu, da guntun wayar ƙarfe a nannaɗe. Ta fito fes. Har tsatsar kanta ana iya ƙirgawa, har wata 'yar tururuwa da ke hawa.

Ta buɗe na biyu. Fuska hazo, ƙusa fes.

Na goma. Na talatin. Na arba'in da uku.

Dariya ta taso mata, amma kafin ta iso baki ta juye ta zama wani abu mai ɗaci. Ta jefa zoben a jaka, ta zauna jiran ƙarfe huɗu.

Ta sami Mai Gilashi yadda ta zata. Ya kafa kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku a bakin taga, ya jera gilasai shida a kan tsumma, littafinsa a buɗe, fensir a bayan kunne. A tsallake, mai turare ta riga ta fito daga shagonta cikin shuɗin kaya, tana gyara tsayuwa a jikin bango.

"Hasken idona," ya ce, fuskarsa ta washe. "Ɗan matsa kaɗan, rana za ta wuce."

Ba ta matsa ba. Ta ajiye zoben a kan tsumman, a layin gilasan.

Ya dubi zoben, ya dubi koren zanen da ke yatsanta. Fensirin ya zame daga kunnensa ya faɗi.

"Me na yi?"

"Waccan fa?"

Ya leƙa taga kamar yau ya fara ganin titi. Sai ya yi tsaki. Ya ce ai matar nan ta hana shi sakat. Ya yi mata bayani da sauri, harshensa na harɗewa: in za a gwada kaifin gilasai, dole abu ɗaya za a ɗauka, daga wuri ɗaya, da haske ɗaya, shi ya sa ya zaɓi bangon da ƙusar da ƙarfe huɗu. Ya ce kowane gilashi yakan fara da ƙofar haskensa a wangale, sannan ya riƙa tsuke ta kaɗan-kaɗan, ya kwatanta tsakiya da kusurwoyi. Mako uku da suka wuce matar ta fara tsayawa a wurin. Da ta roƙi hotunan ya tura mata, ko za ta ga ba su yi kyau ba ta haƙura.

Ya miƙo littafin. A ƙarƙashin kowace rana, da ƙaramin rubutunsa: Tsakiya, da kaifi. Kusurwar dama, da dama-dama. Kusurwar hagu, a toshe.

"A toshe," Auta ta maimaita.

"Ita ce kusurwar hagu."

Ta cije leɓe don kada ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta.

"Na san ba ita kake kallo ba. Na gani tun da safe. Ƙusa kake kallo." Ta mayar masa da littafin. "Ƙusa ta samu hoto arba'in da uku. Tururuwa ma ta samu. Wadda ta toshe maka kusurwa ta samu, ko da hazo ne. Ni fa? Wata goma sha ɗaya... Gobe Yaya zai zo ya sallame ka, kuma ban san me zan ce masa ba. In ce kishiyar ƙusa nake?"

Ya durƙusa ya jawo wani aljihun tebur na can ƙasa, ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohuwar safa.

Ƙaramin gilashi ne, fentinsa duk ya kankare. A cikinsa akwai ɗan kumfan iska, kamar ƙwayar yashi, da ya maƙale tun ranar da aka narka shi.

Ya ce tun da ya ba ta zobe yake neman gilashin da zai fara ɗaukar ta da shi. Ya ɗauka wanda ya fi kowanne kaifi ne ya dace. Ya gwada sun fi sittin. Masu kaifin kuwa, da ya duba, sai ya ga ba su san bambanci ba: yadda suke fito da ƙusa haka suke fito da bulo da kwata da kowa da kowa da ke wucewa.

"Wannan ya faɗi gwaji," ya ce. "Shi ne na ƙarshe a littafin. Kusurwoyinsa duka huɗu banza ne. Abu ɗaya kawai yake gani, wanda ke tsakiya. Wata biyu yana nan... Tsoro nake ji ki ce na ɗauke ki da wanda ya fi lalacewa."

"Ɗaura shi."

"Kin yi kuka, idonki ya..."

"Ɗaura shi, na ce."

Ya murza shi a kan mariƙin tagulla. Ya cire kyamarar daga ƙafa uku, abin da bai taɓa yi ba da ƙarfe huɗu. Auta ta tsaya a bakin taga, titi a bayanta. Ya daɗe yana saiti, ya fi yadda ake bukata daɗewa. Sannan ta ji kyamarar ta yi ƙaras.

Ta karɓi kyamarar. Ma'aikaciyar shagon hoto ce, ba ta yarda da ɗan ƙaramin allo ba, sai da ta faɗaɗa. Ga gashin idonta, ɗaya-ɗaya, a jiƙe. Ga ɗigon hawaye a gefen hanci, taga gaba ɗaya ta shiga cikinsa ta zauna. Bayan wannan komai ya narke. Bango ya zama jan ruwa yana juyawa.

Ta ja hoton zuwa kusurwar hagu. Wani shuɗi-shuɗi ne kawai a wurin, ba kai ba ƙafa.

Ta koma tsakiya, ta bi bangon a hankali tana dubawa.

"Me kike nema, hasken idona?"

"Ƙusar."

"Ba ta fito ba."

"Na gani."

Ta miƙa masa yatsanta mai koren zane ba tare da ta ɗauke ido daga allon ba. Ya ɗauki zoben daga cikin layin gilasai ya mayar.

"Wannan zan buga babba," ta ce. "Yadda zai cika bango. Kai za ka kai wa Yaya da hannunka."

A tsallaken titi rana ta sauka daga kan bulo. Mai turare ta ƙara gyara tsayuwa, tana jiran a ɗauka.