Ranar da Motar Asibiti Ta Tafi Barkiya

Rana ta take tsaka lokacin da Rekiya ta iso ƙofar gidan yayan mijinta a Dutsin-Ma, ƙafafunta duk sun yi faso saboda tafiyar ƙasa tun daga Kurfi. A bakin zanenta ta ƙullo 'yar alewa da ƙuli-ƙuli, tsarabar ɗiyarta ɗaya tilo, Saudatu, wadda rabon da ta sa ta a ido tun kakar bara. Ta yi sallama a zaure. Ba wanda ya fito sai Kande, yayar marigayi mijinta, riƙe da muciya.

"Au, ke ce? Mi kika zo nema?"

"Yaya, don Allah, yarinyar kawai zan gani... ko daga nesa ne." Ba ta ambaci suna ba, don 'yar fari ce.

"Ki gan ta ki shafa mata baƙin jini? Ke da kika kashe bayin Allah a gadar Kurfi! Maza ki kama gabanki kafin mai gidan ya dawo."

Daga can cikin gida aka ji wata siririyar murya tana kiran "Inna! Inna!" sai kuma aka ji an ja ƙyaure an rufe. Wayyo Allah! Rekiya ta durƙusa a nan zauren, ta ajiye ƙullin tsarabar a kan dakali, hawaye na ɗiga a kan ƙasa. Kande ta sa ƙafa ta shure shi waje, kaji suka yi caa a kai.

Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Wannan baiwar Allah da ake kora kamar akuya, a da ita ce mai kula da waya a ɗan asibitin Dutsin-Ma. Mijinta Lado shi ne direban motar asibiti, motar kuwa guda ɗaya ce tal a duk yankin. Da zazzaɓi ya ɗauke shi, sai Malam Alu, babban malamin asibiti, ya tausaya mata, ganin ta yi makarantar 'yan mata har tana karatu da rubutu, ya zaunar da ita gindin waya. In an bugo daga ofishin wani hakimi, ita ke ji, ta kaɗa ƙararrawa direba da leburori masu ɗaukar gado su taru, ta faɗa musu inda za su, ta ce wa malamai su haɗa auduga da bandeji, sannan ta murɗa waya Katsina ta ce a shirya gadaje. Motar kuwa aka ba Dalhatu, yayan marigayin, don kada abinci ya bar gidan.

Ran wata kasuwar Kurfi, a tsakiyar kakar gyaɗa, waya ta yi ƙara da hantsi. Akori-kura cike da 'yan kasuwa ta kife a gada, mutane na ƙarƙashi! Rekiya ta kaɗa ƙararrawa har hannunta ya yi tsami. Leburori suka zo, malamai suka zo da kayansu, amma rumfar mota wayam... ba mota, ba direba. Ta roƙi Katsina, aka ce tasu ta fita. Ta aika wa 'yan doka su tare duk motar da suka gani a hanya. Kafin a samu wata ta kwaso mutane, la'asar ta yi, waɗanda jini ya ƙare wa sun riga mu gidan gaskiya.

Washegari aka zauna bincike. Dalhatu ya gyara zama ya rantse cewa ita ce ta zo ta ce masa an bugo daga Barkiya, ya kwasa a guje bai tarar da kowa ba. "Hankalinta na wajen zawarawa, Malam, ina za ta tuna inda aka kira?" Malam Alu ya juya ya ce, "Rekiya, ga shi ga ki. Faɗi gaskiya, ke kika tura shi?" To, abin da ba a sani ba, Rekiya tashin ruga ce, inda mace ba ta ɗaga ido ta dubi yayan miji, ba ta kama sunansa, balle ta ƙaryata shi a gaban maza. Gaskiya na nan a bakinta kamar garwashi, amma harshe ya ƙi motsi. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sau uku ana tambaya, sau uku kuka ne amsarta. Aka ce shiru ma magana ce. Aka sallame ta, gari ya ɗauka, yara na jifanta da waƙa, dangin miji suka zo suka ɗauke Saudatu daga bayanta tana ihu, wai ba za a bar jininsu a hannun mai alhakin rayuka ba.

Ta koma Kurfi tana dakau a gidajen mutane. Tafin hannunta ya yi kanta, idanunta suka faɗa. Duk sallar da ta yi, addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, Kai ne shaidata. Ban roƙe Ka aiki ba, ban roƙe Ka suna ba, yarinyar nan kawai..."

Ana nan, bayan wannan korar da Kande ta yi mata, sai ran wata kasuwa wuta ta tashi daga rumfar masu tuya. Iska ta kwashe ta zuwa rumfunan kara, nan da nan kasuwa ta zama ja. Rekiya na tsaye da taɓarya ta ji kururuwa, ba ta san lokacin da ta yar da ita ta nufi ofishin hakimi ba. Magatakarda ya tafi ceton iyalinsa, sai dogari a ƙofa.

"Ke, ina za ki? Ba ke ce aka kora ba?"

"Baba, ni ce. In an gama ka kai ni gidan yari, amma yanzu bar ni in taɓa wayar nan!"

Ya kauce. Ta murɗa, muryarta ta dawo irin ta da. Ta ce wa Dutsin-Ma a turo mota da malamai da duk audugar da ke akwai, ta ce wa Katsina ƙuna ce, a shirya. Ta fito ta sa 'yan doka suka tsare manyan motoci biyu aka sauke kayansu, ta sa samari suka ciro ƙyamare aka mai da su gadajen ɗauka, ta sa mata jan ruwa. Waɗanda suka fi jin jiki aka jera a gindin tsamiya kusa da hanya, masu dama-dama aka kai su inuwar masallaci. Ba wanda ya tuna da baƙin jininta a ranar, sai "Rekiya, ina za a kai wannan?" kake ji ta ko'ina.

Motar asibiti ta iso, Malam Alu a gaba, Dalhatu na tuƙi. Da Dalhatu ya hango ta ya haɗe rai ya tofar da yawu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta kamo wata tsohuwa mai tallar nono, Gogo Mairama, wadda wuta ta lashe wa hannu, ta nufi mota da ita. Tsohuwa na ɗaga ido ta ga direba, sai ta tsaya cak, ta manta da zafin hannu.

"Kai, ɗan nan! Ba kai ne mai naƙudar Barkiya ba? Yaya mai jego? Buhu nawa ta haifa?"

"Tsohuwa, zafi ya taɓa miki kai. Shiga mu tafi."

"Kaina garau, sai dai naka!" Ta juya wajen Malam Alu. "Malam, bara da kaka wannan motar ta kafe a yashin gulbinmu tun da sanyin safiya. Ya ce mace ce a ciki tana naƙuda, ya ja labule. Mazanmu suka kawo bijimai suna ja, kowa ya kau da kai don kunya. Ni kuwa tsohuwa, wace naƙuda ce ban gani ba? Na ajiye ƙwaryata na buɗe ƙofa in taimaka mata, sai ga buhunan gyaɗa har rufi!"

Malam Alu ya ce, a hankali, "Gogo, wace rana ce?"

"Ranar da zan manta? Tsayawar nan ce ta sa motar kasuwa ta tafi ta bar ni, ita ce kuwa ta kife a gada. Tun ba ta tashi ba shina can cikin yashi da gyaɗarsa."

La ilaha illallahu! Jama'a suka yo kan Dalhatu, sai Rekiya ta ɗaga murya, ba tare da ta dube shi ba: "Don Allah ku bari! Ba mai tuƙa motar nan sai shi, ga mutane kwance." Haka ya yi ta jigila har magariba, ɗan doka zaune a gefensa, daga sawun ƙarshe kuma aka wuce da shi gaban alƙali. Mutanen Barkiya suka zo suka ba da shaida, aka tuɓe masa kaki, aka ɗaure shi. Kande kuwa ta kasa fita ko rijiya saboda nuni.

Malam Alu da kansa ya zo Kurfi a motar asibiti, ya cire hula a gaban mutane. "Ɗiyata, mun zalunce ki. Mi ya hana ki faɗa tun ran nan?"

Ta dubi ƙasa. "Yayan mijina ne, Malam."

Dattijo ya share ƙwalla, ya juya ya buɗe ƙofar motar. Sai ga 'yar yarinya ta sauko, ta rame, kitsonta ya tsufa, tana waige-waige. Rekiya, wadda ta haɗiye gaskiyarta don kunya har ta rasa komai, ranar nan kunyar 'yar fari ta gagare ta. A gaban hakimi da dogarai da duk mutanen Kurfi ta zube a gwiwa, ta buɗe hannuwa, ta kira da ƙarfi:

"Saudatu!"