Kofi Mai Jan Zare

Don Allah don Annabi, duk wadda ta gane gidan da nake nufi ta rufa min asiri, kar ta kama sunana. Bokona bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. A bayan ƙofa nake rubutawa.

Wata amarya ce aka kawo wani gida. Auren so ne. Mijin direban babbar mota ne, in ya yi lodi sai ya daɗe bai dawo ba. Tun suna zance ya san ciwonta, ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da amai, ko hasken taga ba ta iya kallo. Shi ya kai ta asibiti, likita ta ɗora ta kan wata ƙwaya ta kullum, wai tare ciwon take yi tun bai zo ba. Ta samu sauƙi har ta yi kumatu. Yakan ce, "Madam, kumatun nan nawa ne ko na likita?"

Bayan ya yi tafiya sai gwaggonsa ta zo gidan, ta shiga ɗakin amarya neman allura. Ga kwalin maganin a gaban madubi. Gwaggo ba ta karatu, amma kwalin nan ta san shi, fari mai ratsin shuɗi, irin na yaron maƙwabciyarta mai faɗuwa. Ta fito da shi a bakin mayafi kamar ta ɗauko kunama, ta ajiye gaban Mama, uwar mijin.

"Ke, zo nan!" in ji Mama. "Maganin mene ne wannan?"

Amarya ta durƙusa. "Na ciwon kai ne, Mama."

"Ciwon kai!" Gwaggo ta tafa hannu. "Farfaɗiya dai! An rufe mu da bargo, an kawo mana kaya gida!"

"Wallahi Gwaggo ban taɓa faɗuwa ba. Gaskiya ne ana ba masu ita, likita ma ta faɗa mana, amma yana yi wa irin ciwona…"

"Au! Ashe kin ma sani!"

Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma shirun Mama ya fi faɗanta ban tsoro. Ta ƙulle maganin a gefen zaninta. "Daga yau kin bar sha. In ba ki faɗi ba, na yarda da ke. In kin faɗi, ki haɗa kayanki kafin ɗana ya dawo. Kika kira shi kika haɗa ni da shi, ban yafe ba."

Abin da Mama ba ta sani ba, likita ta ja wa Amarya kunne: ba a yanke maganin nan kai tsaye, a hankali ake ragewa, don yankewar kanta tana iya kayar da wanda bai taɓa faɗuwa ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, Gwaggo ta ce, "Kun ji! Tun yanzu tana share wa faɗuwar wuri!"

A ranar aka ɗaura wa kofinta jan zare. Aka ware mata kwano da cokali. Yara in ta miƙo musu abu sai su noƙe, an ce musu yawunta ne ke ɗauke da ciwon.

Gidan ya yi tsit, kowa jira yake. In murfin tukunya ya faɗi a kicin sai ka ga an leƙo. Ita kuwa ta daina tsayawa kusa da wuta, wanka ma a zaune take yi, ƙofar a sake. Ciwon ya dawo da fushinsa. Sai ta fara ganin wata walƙiya-walƙiya a gefen ido, yatsunta su yi sanyi, amma ba halin kwanciya, don da ta kwanta za a ce ga shi nan ya fara. Haka take shara ido ɗaya a rufe. Mijin ya kira, ta ce, "Lafiya lau, netuwok ne ke shaƙe min murya." Ta kashe, ta cusa fuska a filo.

Rannan da rana tsaka sai ga hon a ƙofar gida. Mijin ya shigo da ledoji, ya gaida Mama da Gwaggo. Amarya ta taso da ruwa a tire. Tana tsakiyar gida rana ta doki idonta, tiren ya suɓuce, ta zube kan gwiwa tana amai.

Kowa ya ja da baya, har da masu hawa dakali.

"Kar ka taɓa ta!" Mama ta ƙwala. "Yawun! Yawun!"

Ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa. Ya durƙusa ya tallabe ta, ya share mata baki da tafin hannunsa. "Kin sha maganinki?" Sai hawaye kawai. Ya ce a ba ta ruwa, wani yaro ya turo kofin da ƙafa.

"Wannan zaren fa?"

Ya dubi yadda kowa ke nesa da kofin. Ya gane. Ya cika kofin ya ba ta ta kurɓa, ya juya daidai inda ta sa baki, ya shanye sauran.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan, ya kashe kansa!"

"Mama," ya ce, "ban taɓa saɓa miki ba, yau ma roƙo nake. Ki sa mayafi mu je asibiti tare. Ba ta da farfaɗiya. Ko da ita ce da ita, ni ne dai mijinta."

Mama ta bi su. Likita da ta ji labari sai da ta cire tabarau. "Hajiya, Allah ne ya tsare! Magani ɗaya yana aiki biyu, don shi ma ciwon kan nan daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Farfaɗiyar ma ba a ɗaukarta a yawu, da mu nan mun daɗe da ɗauka." Ta juya kan Amarya. "Ke kuma, haƙurinki ya kusa kai ki ƙasa. Me ya hana ki zuwa?"

Mama ta kwance gefen zaninta, ta ajiye ƙwayoyin a tebur. Da suka dawo ita da kanta ta sa wuƙa ta yanke zaren. Ba ta ce a yafe mata ba, ba ta iya ba. Amma yanzu kullum ita ke leƙawa: "'Yar nan, kin sha?"

To 'yan'uwa, mai haƙuri yana ganin ribarsa, ga Amarya nan a ɗakinta da mijinta. Amma ku yi haƙuri da mutane, ban da maganinku. Kar bakin wani ya sa ku ajiye abin da likita ta ba ku, kuma kwali ba shaida ba ne.

Saura Gwaggo. Har yau ba ta shan ruwan gidan, kuma ta ce duk wanda ya fitar da maganar nan waje sai ta… wayyo, ga ƙarar silifas nan, kamar nata ne, bari in ɓo