Mai Walda a Hawa na Tara

Kwana biyu bayan ƙasa ta ɗan girgiza, aka tura wata injiniya ta duba ƙarafunan wani dogon bene da ake ginawa. Idan ta sa hannu, gobe ma'aikata za su koma aiki. Magariba ta riske ta a hawa na tara ita kaɗai, tana haska mahaɗar ƙarafa da tocila.

Sai ta ji ƙaurin walda, alhali an kashe injin tun la'asar.

"Sannu da aiki, 'yata," in ji wata murya a gefenta. Wani dattijo ne, fuskarsa rufe da baƙin gilashin masu walda. "Ba nan ba. Leƙa ƙarƙashin wancan."

Ta durƙusa ta haska. Ga tsaga nan siririya kamar silin gashi, ta ratsa waldar.

"Baba, yaya aka yi ka sani?"

"Namu benen ma haka ya fara. Mu arba'in ne a ciki ranar da ƙasar ta sake motsawa."

Ta juyo da tocilar a hankali. Dattijon yana tsaye taku uku gaba da inda daɓen ya ƙare, babu komai a ƙarƙashin ƙafafunsa sai iska.