Hannu a Tsakanin Waya da Kwamfuta

Wata biyu da rasuwar matarsa, mai gyaran kwamfuta bai daina zarginta da cin amanar aure ba. Ya ɗauko tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi, wadda ba a iya kwashe saƙonninta sai ta infrared, hasken nan da ido ba ya gani. Ya jira rana ta faɗi don haskenta kan dagula aikin, ya kulle shago, ya saita kwamfutarsa mai tsarin Linux, ya sa idon wayar ya fuskanci na kwamfutar.

Saƙonni suka fara shigowa, sai suka tsaya. Ya sake gwadawa, suka sake tsayawa. Ya san wannan haske ba ya yankewa haka sai wani abu ya gitta. Tsakanin wayar da kwamfutar kuwa wayam, sai ƙamshin man gashin da ya sani.

Ya ɗaga kyamarar wayarsa, don ita tana ganin hasken. Ga ɗigon hasken nan a kan wani tafin hannu mai tabon ƙuna a gindin babban yatsa, irin na matarsa.

"Maigida," aka ce daf da kunnensa, "shekara tara kana bincike, ba ka samu komai ba. Yanzu ma ba za ka bar ni in huta ba?"